Cinikin maki a kotunan hanya na New York

Direban da ɗan sanda ya tsayar a jihar New York ta Amurka saboda gudun wuce ƙa'ida yakan koma gida da 'yar takarda mai ɗauke da sunansa, da laifin da ake tuhumarsa da shi, da kotun da zai je ya amsa. Abin da ke fara zuwa ran mutane da yawa shi ne su biya tarar su huta. To amma a dokar jihar, biyan tarar nan daidai yake da mutum ya tsaya gaban alƙali ya ce ya aikata. Da zarar kuɗi sun shiga an rufe magana, laifi ya hau kundin direba, maki kuma ya biyo baya. Tara sau ɗaya ake biyanta. Maki kuwa sai ya yi shekaru yana cin aljihun mai shi, wani lokaci ma ya raba shi da sana'arsa.

A tsarin da hukumar kula da ababen hawa ta jihar, wato DMV, ta daɗe tana bi, kowane laifin tuƙi da nauyinsa. Tsallake danja maki 3 ne. Riƙe waya ana tuƙi maki 5. Gudu kuwa hawa-hawa ne: wanda ya haura iyaka da mil 1 zuwa 10 a awa maki 3, daga 11 zuwa 20 maki 4, daga 21 zuwa 30 maki 6, daga 31 zuwa 40 maki 8, abin da ya wuce 40 kuma maki 11 a tashi ɗaya. A da, wanda makinsa ya kai 11 cikin wata 18 ana iya dakatar da lasisinsa. Wanda aka kama da laifin gudu har sau uku cikin wata 18, ƙwace lasisin ake yi na aƙalla wata shida, ko da lissafin makin bai cika ba. Kuma daga ranar da aka yi laifin ake fara ƙirga, ba daga ranar da kotu ta yanke hukunci ba, saboda haka jan shari'a ba ya canza lissafi.

A duba direbobi biyu a kan titin da iyakarsa mil 55 ne a awa. Na'ura ta kama ɗaya yana 75, ɗayan yana 76. A ido babu wani bambanci tsakaninsu. A takarda kuwa na farko maki 4 gare shi, na biyu maki 6. Maki 6 ɗin nan shi ne bakin wani rami, domin duk wanda ya kai shi cikin wata 18 sai ya biya hukumar DMV wani haraji na daban, dala 100 duk shekara har shekara uku, kuma kowane maki ɗaya da ya ɗoru a kan shidan yana ƙara dala 25 a shekara. Wannan ban da tarar kotu, wadda kan kama daga dala 90 zuwa 300 a irin wannan gudu, ban da kuma dala 93 da jiha ke ɗorawa a kan tara a kotunan ƙananan garuruwa. Sannan ga kamfanin inshora, wanda ke leƙa kundin direba lokacin sabunta yarjejeniya, ya ƙara masa kuɗi na tsawon shekaru. Mil ɗaya tak ya jawo wa mutum na biyu asarar dala 300 kafin a zo maganar inshora. Wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa direba ke yarda ya biya tara mai yawa da murna, in dai za a cire masa maki.

Hanyar ciniki tana farawa ne da musu. Direba zai cike gurbin da ke jikin takardar ya ce bai amsa laifi ba, ya aika wa kotu cikin wa'adin da aka rubuta. Wannan ba ƙarya ba ce a idon shari'a, cewa ne kawai mai tuhuma ya kawo hujjarsa. Kotu sai ta sa ranar zama. A mafi yawan ƙananan kotunan jihar, waɗanda yawansu ya kai wajen 1,200 kuma alƙalansu da dama ba lauyoyi ba ne, mutum ba ya fara ganin alƙali. Layi zai bi a baranda ko wani ɗan ɗaki, ya gana da mai gabatar da ƙara, wanda zai iya zama lauyan gari ko mataimakin babban lauyan gunduma. Ganawar ba ta cika wuce 'yan mintuna ba. Mutumin zai dubi takardar, ya dubi kundin direban, ya yi tayi. Wasu gundumomin ma ta wasiƙa ko ta intanet ake gama komai.

Tayin da kowa ke fata shi ne sashe na 1201(a) na dokar ababen hawa ta jihar, laifin ajiye mota a kan kwalta. Laifin fakin ne, ba ya ɗauke da maki ko ɗaya. Mutumin da aka kama yana sharara gudu sai ya tsaya gaban alƙali ya amsa cewa ya ajiye mota inda bai dace ba, alhali shi da alƙalin da mai gabatar da ƙarar duk sun san motar ba a tsaye take ba. Idan gudun ya yi yawa ko kundin ba shi da tsabta, sai a yi masa tayin sashe na 1110(a), rashin bin alamar hanya, mai maki 2, ko a sauko da gudun daga matakin maki 6 zuwa na 4 ko 3. Alƙali ba dole ne ya amince da abin da aka daidaita ba, kuma shi ne ke yanka yawan tarar, amma galibi yakan sa hannu.

Abin da ya fi yin tasiri a wannan ganawa shi ne tarihin direba. Wanda ya shekara biyar ba a kama shi ba yana da bakin magana. Sai kuma yanayin laifin: gudu kusa da makaranta, ko inda ma'aikata ke gyaran titi, ko wanda ya haddasa haɗari, ba a cika sassauta shi ba. Doguwar hujja irin ta "sauri nake yi in kai yaro asibiti" ba ta cika amfani ba, sau da yawa ma amsa laifi ce a fakaice. Akwai kuma wani makami da direbobi da yawa ba su san da shi ba. Mai takarda yana da ikon neman rubutaccen bayanin ɗan sandan da ya kama shi, idan ba a ba shi tun a bakin hanya ba. In ya nema a kan lokaci, ɗan sandan yana da kwana 30 ya bayar, in bai bayar ba ana iya roƙon kotu ta kori ƙarar.

Kada mai karatu ya haɗa wannan da abin da muka sani a hanyoyinmu, inda direba ke saukowa da takardun mota da wani abu a naɗe a ciki a ce "a daidaita." Cinikin da ake magana a kai a kotu ake yinsa, a rubuce, kuɗin kuma asusun hukuma suke shiga da rasiɗi. Baƙon da ya miƙa wa ɗan sandan Amurka na goro a bakin titi ya mai da ƙaramin laifin tuƙi ya zama tuhumar ba da cin hanci, wadda kan kai mutum gidan yari, ta kuma taɓa masa takardun zama.

Me ya sa hukuma ta yarda da wannan wasan kwaikwayo? Dalili na farko lokaci ne. In kowane mai takarda ya dage sai an yi shari'a, sai an janye ɗan sanda daga kan hanya ya zo ya ba da shaida, kuma kotun da ke zama da yamma sau ɗaya ko biyu a mako ba za ta taɓa gama aikinta ba. Dalili na biyu shi ne wanda ba a cika faɗa da ƙarfi ba. Tarar gudu yawancinta baitulmalin jiha take tafiya, tarar fakin kuwa gari ne ke riƙe abinsa. Kenan duk takardar gudun da aka mai da ta fakin, direba ya tsira da lasisinsa, gari ya samu kuɗi, jiha ce ta yi asara. Gwamnatin jihar ta sha nuna rashin jin daɗinta. A 2006 rundunar 'yan sandan jihar ta hana jami'anta yin ciniki da kansu a kan takardun da suka rubuta, abin da a da suke yi a barandar kotu. A 2013 Gwamna Andrew Cuomo ya nemi a taƙaita cinikin takardun gudu a cikin kasafin kuɗinsa. Majalisar jihar ba ta bi shi ba, abin da aka tashi da shi shi ne ƙarin dala 25 na jiha a kan irin wannan laifin fakin. Jiha ba ta hana ciniki ba, kasonta ta karɓa.

Duk wannan labari ya tsaya ne a wajen birnin New York. A cikin birnin, daga Manhattan zuwa Bronx, takardun tuƙi da ba su kai babban laifi ba wani ofishi ne na hukumar DMV mai suna TVB ke sauraronsu tun 1970, kuma a can babu mai gabatar da ƙara, babu tayi, babu ragi. Ko dai a same ka da laifi a ɗora maka makinka cif, ko a wanke ka. Lauya a nan aikinsa shi ne ya yi wa ɗan sanda tambayoyi, ya nemi giɓi a bayaninsa: ina ya tsaya, yaushe aka gwada na'urar auna gudu, ya tabbata wannan motar ce. Wannan ya shafi 'yan uwanmu kai tsaye, domin a cikin masu tuƙa tasi a birnin akwai 'yan Afirka ta Yamma da yawa, ciki har da masu jin Hausa daga zangunan Ghana da kuma Nijar. Su kuma ban da DMV akwai hukumar tasi ta birnin, TLC, mai nata ma'auni da ya fi tsauri: maki 6 cikin wata 15 na iya jawo dakatarwar kwana 30, maki 10 kuma soke lasisin sana'a. Direban tasin da aka kama da waya a hannu, sannan ya tsallake danja bayan wata biyu, ya tashi da maki 8, kuma babu ƙofar da zai ƙwanƙwasa a rage masa. Wanda ya yi irin waɗannan laifuka a wani ƙauye mai nisan awa ɗaya daga birnin zai iya fita da maki 2 ko babu. Abin da ya rage wa ɗan birni shi ne kwas ɗin tuƙi na wajen awa shida, wanda ke rage har maki 4 daga lissafin dakatarwa, ya kuma sauko da wani ɓangare na kuɗin inshora da kashi 10 cikin 100 na shekara uku, amma ba ya goge laifin daga kundi. Takardar kyamarar gudu ta birnin ita ce mai sauƙi: dala 50 ce a kan mai motar, babu maki.

Direbobin manyan motoci su ma hannunsu a ɗaure yake, domin dokar tarayya ta hana jihohi ɓoye laifin mai lasisin kasuwanci ko jingine hukuncinsa, kuma manyan laifuka biyu cikin shekara uku na hana shi tuƙi kwana 60. Sauran jihohi kowace da salonta. New Jersey ta ƙirƙiri laifin "tuƙi marar kiyayewa" a 2000, wanda ba shi da maki a karo na farko da na biyu, amma akwai ƙarin dala 250 a kansa. Kalifoniya takan bar mutum ya je makarantar tuƙi sau ɗaya cikin wata 18 a rufe masa maki ɗaya. A Ingila kuwa, inda maki 12 cikin shekara uku ke jawo haramcin wata shida, wani tsohon minista, Chris Huhne, ya sa an ɗora makin gudunsa a kan lasisin matarsa a 2003. Asiri ya tonu, a 2013 aka yanke wa kowannensu ɗaurin wata takwas.

A ganina direban da ya musa ya nemi sassauci bai yi laifin komai ba, hakkinsa ne, kuma wanda ya biya tara ido rufe kansa ya cuta. Tsarin ne nake da ja a kansa. An ƙirƙiri maki ne don a gano direban da ke maimaita ganganci a sauke shi daga kan hanya kafin ya kashe wani. Idan ana iya mai da gudun mil 80 ya zama fakin, kuma a maimaita a garuruwa daban-daban, to kundin ya daina faɗin gaskiya, kuma wanda ya fi cin moriyar haka shi ne mai kuɗin ɗaukar lauya da mai aikin da zai bar shi ya ɓata yini a kotu. Talakan da ke aikin awa-awa shi ne mai biya ta wasiƙa ya kwashi makinsa, ko ya kasa zuwa a dakatar da lasisinsa, ya ci gaba da tuƙi don ba shi da zaɓi, a kama shi da laifin da ya fi na farko girma. Rahoton da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fitar a Maris 2015 a kan garin Ferguson na jihar Missouri ya nuna inda abin ke kaiwa idan kotun gari ta koma hanyar tara kuɗin shiga: takarda a kan takarda, tara a kan tara, sammacin kamu a kan wanda ya kasa biya, kuma baƙaƙen fata ne suka fi ɗanɗanawa.

A ƙarshen 2024 hukumar DMV ta New York ta amince da sababbin ƙa'idoji da suka tsawaita lokacin lissafin dakatarwa daga wata 18 zuwa 24, suka kuma ƙara nauyin wasu laifuka. Wuce motar 'yan makaranta da ta tsaya sauke yara, alal misali, ya tashi daga maki 5 zuwa 8. Direban da a da yake jiran shekara ɗaya da rabi tsohon makinsa ya fita daga lissafi, yanzu sai ya ƙara wata shida a kai, kuma na cikin birnin har yanzu ba shi da wanda zai yi ciniki da shi.