Idan Hoton Ciki Ya Nuna Tsagewar Leɓe

Tsakanin mako na 18 da na 22 da samun ciki ake yin hoton da ke duba halittar jariri gaɓa-gaɓa, kuma a nan ake ganin tsagewar leɓe. Tsagewar ganɗa ita kaɗai ba kasafai hoto ke kama ta ba. A duniya, kusan jariri 1 cikin 700 ne ake haifa da irin wannan lalura.

Leɓe na haɗewa ne tsakanin mako na 4 da na 7, lokacin da mata da dama ba su ma san sun ɗauka ba. Gado na da hannu a ciki, haka ma shan taba, ciwon suga da wasu magungunan farfaɗiya, amma galibi ba a gano takamaiman dalili. Wannan ya kamata uwa ta fara ji daga bakin likita: ba laifinki ba ne. Ba sammu ba ne, ba aikin iska ba ne.

Abin da ke damuna shi ne a miƙa wa mace takardar sakamako a ce ta dawo awo wata mai zuwa. Ita kaɗai za ta ɗauki wannan nauyi har gida? A kira maigida, in da hali har da uwar miji, domin maganarta ce za ta yi tasiri ranar suna. A nuna musu hotunan yaran da aka yi wa aiki. A kuma sake duba zuciya da sauran gaɓoɓi, tunda wani lokaci tsagewar na zuwa tare da wata matsala.

Ana ɗinke leɓe yawanci a wata 3 zuwa 6, ganɗa kuwa kafin shekara ɗaya da rabi, kuma ƙungiyar Smile Train na ɗaukar nauyin tiyatar kyauta a asibitoci da dama a Najeriya. Sai dai ba a yi wa ramammen jariri aiki. Mai tsagaggiyar ganɗa ba ya iya zuƙar mama sosai, madara kan fito masa ta hanci. Don haka tun kafin haihuwa a koya wa uwa tatsar nono, da ba shi ta ƙoƙo ko cokali yana a ɗage, kaɗan-kaɗan, akai-akai. Bayan tiyata kuma a riƙa bibiyar jinsa da yadda yake furta kalmomi.