Ƙungiyoyin Ɗalibai Masu Neman Jinsi a Jami'o'in Yammacin Duniya

A shekarar 1967 ne Jami'ar Kolombiya da ke birnin New York ta amince da ƙungiyar ɗalibai masu neman jinsi, wadda ita ce ta farko da wata jami'a ta yi wa rajista a Amurka, kuma a yau da wuya a sami babbar jami'a a can ko a Birtaniya da ba ta da irinta. Abin da sabon ɗan ƙungiya yakan fara koya shi ne rarrabe abubuwa biyu da jama'a ke yawan cakuɗawa, wato karkatar sha'awa, wadda ke nufin jinsin da zuciyar mutum take so, da kuma jinsin da mutum yake ɗaukar kansa a kai, wanda a wajen wasu yakan saɓa wa wanda aka rubuta musu ranar haihuwa. Haruffan LGBT, waɗanda irin waɗannan ƙungiyoyi ke amfani da su, sun tattaro duka biyun, domin uku na farko suna magana ne kan sha'awa, na ƙarshe kuwa kan masu sauya jinsi. A Nijeriya kuwa, saɓanin waɗancan ƙasashe, dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga wanda ya shiga irin wannan ƙungiya.