Yadda ake ƙirga dodon koɗi a kududdufi, da alaƙarsa da tsargiya a Kankia da Kusada

Da zarar damina ta sauka a Kankia da Kusada, kududdufai kan cika, yara su faɗa wanka, mata su yi wanki. A irin wannan ruwa ne ake kamuwa da tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini.

Ƙwayar cutar ba ta iya kama mutum sai ta fara girma a jikin wani ƙaramin dodon koɗi mai suna Bulinus. Shi ya sa masana ke son sanin yawansa a kowane tafki. Maganin firazikwantel yana warkar da yaro, amma idan ya koma ruwan, zai iya sake kamuwa.

To, ta yaya ake ƙirga abin da ke ɓoye cikin ciyawa da laka?

Hanya ta farko ita ce a ɗauki rariya mai dogon mariƙi a yi ta kwasa a bakin ruwa na tsawon minti 15, a ƙirga abin da aka samu, a maimaita duk wata a wuri ɗaya. Wannan yana nuna ko suna ƙaruwa ko raguwa.

Hanya ta biyu tana ba da ƙiyasin jimilla. A kama 100, a ɗiga musu jan farce a baya, a sake su. Bayan ƴan kwanaki a kama 80. Idan 20 na da alamar, wato kashi ɗaya cikin huɗu, to kusan 400 ke nan a wurin. Da wannan lissafi Frederick Lincoln ya ƙiyasta agwagin daji a Amurka a 1930.

Sai dai akwai wani baƙon dodon koɗi, Physa acuta, ɗan asalin Arewacin Amurka, wanda ya bazu a Afirka har Najeriya. Ya yi kama da Bulinus ƙwarai, amma ba ya ɗaukar tsargiya. Idan aka haɗa su a lissafi, sai a ɗora wa tafki haɗarin da ba shi da shi.

Lokacin ƙirga ma yana da tasiri. Bulinus kan shige laka idan ruwa ya ƙafe da rani, ya farfaɗo da ruwan farko. Saboda haka busasshen kududdufi ba shaida ba ce cewa cutar ta tafi.