Ƙoƙarin rage illar cibiyoyin intanet ga muhalli

Duk shafin intanet da mutum ya buɗe yana ajiye ne a cikin wata kwamfuta da ke aiki dare da rana, a wasu manyan gine-gine da ake kira cibiyoyin adana bayanai. Kamfanonin da ke ba da hayar gurbin shafukan intanet sun dogara ne kacokan ga waɗannan cibiyoyi, su kuma cibiyoyin ba su da abinci sai wutar lantarki.

Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2024 cibiyoyin sun sha kimanin kashi 1.5 cikin ɗari na lantarkin da duniya ta yi amfani da shi. Hukumar ta kuma yi hasashen cewa abin da suke sha zai ninka kafin shekara ta 2030. A ƙasar Ayalan lamarin ya fi tsanani, domin kuwa a shekara ta 2023 cibiyoyin sun cinye kashi 21 cikin ɗari na wutar ƙasar.

Matsalar ita ce, har yanzu ana samun kaso mai tsoka na wannan wuta ne daga ƙona kwal da iskar gas, waɗanda hayaƙinsu ke ƙara ɗumamar yanayi. A ƙasashen da wuta ba ta tsayawa kuwa, irin su Najeriya, cibiyoyin kan koma ga injinan janareta.

Bayan haka, kwamfutocin kan yi zafi matuƙa, sanyaya su kuma na cin ƙarin wuta, a wasu wuraren har da ruwa mai yawa. Wannan ne ya sa wasu kamfanoni suka nufi arewacin Turai. A shekara ta 2009 kamfanin Google ya sayi wata tsohuwar masana'antar takarda a garin Hamina na ƙasar Finlan, ya mai da ita cibiya da ake sanyayawa da ruwan teku. Shi ma Facebook ya buɗe tasa a garin Lulea na Suwidin a 2013, inda ake amfani da iska mai sanyi da kuma wutar madatsun ruwa. A birnin Odense na Denmak kuwa, zafin da kwamfutocin ke fitarwa shi ake turawa ta bututu domin ɗumama gidajen jama'a.

Gwamnatoci ma sun sa hannu. A shekara ta 2023 Jamus ta kafa dokar da ta tanadi cewa daga 2024 rabin wutar manyan cibiyoyin ya fito daga makamashin da ake sabuntawa, kamar rana da iska.

To sai dai da sauran rina a kaba. Kamfanin Google da kansa ya bayyana cewa hayaƙin da yake fitarwa ya ƙaru da kashi 48 cikin ɗari tsakanin 2019 da 2023, galibi saboda bunƙasar cibiyoyinsa. Ke nan buƙatar wutar na gudu fiye da matakan tsimin.

Masu shafuka su ma suna da rawar takawa, ta hanyar rage nauyin hotuna da bidiyo, da goge bayanan da ba su da amfani, da kuma tambayar kamfanin da ke ajiye musu shafi inda yake samun wutarsa.