Idan waya ta tsinke, wace hanya saƙo zai bi?

Ranar 14 ga watan Maris 2024, manyan wayoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe ƙarƙashin teku (WACS, MainOne, SAT-3 da ACE) suka lalace daura da gaɓar Kodibuwar. Nijar ba ta da teku, amma ita ma ta ji a jikinta, domin ta wayoyin maƙwabta take samun rezo. Ga ɗan kasuwar Dakusa mai jiran kuɗin hatsi daga Agadas, ko malamin lakwal mai zuwa Damagaram ɗaukar albashi, katsewar rezo asarar yini ce da kuɗin mota.

A kowace mahaɗar wayoyi akwai na'urar da ake kira rutar. Aikinta irin na madugu ne: ita ke zaɓa wa kowane saƙo hanyar da zai bi. Rutoci suna gaisawa da juna a kai a kai don kowace ta tabbata maƙwabciyarta tana nan. A tsarin OSPF, in an bar shi yadda ya zo, gaisuwa duk sakan 10 ce, kuma sai an yi sakan 40 ba amsa kafin a ce hanya ta mutu. A tsarin BGP, wanda ke haɗa kamfani da kamfani, jiran yakan kai sakan 180. Muddin ana wannan jira, saƙonni cikin rami suke zubewa.

Maganin iri biyu ne. Na farko shi ne BFD, ƙa'idar da aka tsayar a 2010: gaisuwa duk millisakan 50, misali, in an rasa uku a jere an san ta tsinke. Na biyu, a sa rutar ta tanadi hanyar madadi tun lafiya lau, ta yadda za ta juya cikin ƙiftawar ido. Sai dai gaggawar ma tana da iyaka: in an matse lokacin fiye da kima, rutar za ta riƙa sauya hanya ba dalili.

Amma duk ƙwarewar madugu, ba ya bin hanyar da babu ita. Nan ne amfanin aikin shimfiɗa wayar fibur ta ƙetare Sahara, wanda Bankin Raya Afirka (BAD) ya amince da ba da kuɗinsa a 2016. Cikin sassansa akwai na Damagaram zuwa Magarya har iyakar Nijeriya, da na Arlit zuwa Asamaka, da na Difa zuwa Ngigmi har iyakar Cadi.

Saboda haka banki ko ma'aikatar da za ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin sadarwa, tambaya biyu ta kamata ta yi: shin wayoyin biyu ba rami ɗaya suka bi ba? Kuma sakan nawa juyawar ke ɗauka, an taɓa gwadawa? Tun ran gini ran zane.