KAMA DA WANE BA WANE BA NE: LABARIN JIRGIN YAƘIN DA BA YA TASHI

Akwai wani jirgin yaƙi na Amurka da a ke kira F-35, wanda ya fara tashi cikin shekarar 2006. Kujera ɗaya tak gare shi, kuma tun da aka fara ƙera shi ba a yi ko guda mai kujera biyu ba. Watau ran da matuƙi zai fara tashi da shi, ba wani malami zaune a bayansa wanda zai karɓe tuƙi in ya rikice. Malamin ya kan bi shi ne cikin wani jirgi dabam yana yi masa magana ta rediyo, amma hannu dai na ɗalibi ne, rai ma nasa ne. To, a ina ya koyi tuƙin jirgin da bai taɓa ɗagawa daga ƙasa ba? Cikin ɗaki ya koya, zaune a wata na'ura wadda aka yi ta don ta kwaikwayi jirgin.

Na'urar nan ita mu ke so mu ba masu karatu labarinta yau, za mu kuwa riƙa kiranta jirgin ɗaki don sauƙi. Abin da za mu bincika shi ne, ina iyakar gaskiyarta? Wannan ba tambayar wasa ba ce, gama in ɗakin ya koya wa saurayi daidai ya komo gida wurin iyayensa, in kuwa ya koya masa kure sai a sama za a gane, can inda ba a tsayawa a gyara.

ASALIN ABIN

Wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ya ƙago jirgin ɗakin da ya fara shahara, cikin shekarar 1929, a garin Binghamton. Ubansa yana da ma'aikatar ƙera kayan kiɗan Turawa, irin waɗanda ke aiki da iska, don haka yaron ya tashi da sanin zugazugi kamar ɗan maƙera. Sai ya harhaɗa wani ɗan akwati mai guntayen fikafikai, ya ɗora shi bisa zugazugai. In mutum ya shiga ya ja sandar tuƙi akwatin ya ɗaga kai, in ya karkata ta akwatin ya karkata. Da fari ba wanda ya kula da shi sai masu filayen wasa, suka saya mutane suna biyan 'yan kuɗi suna hawa don nishaɗi.

Ana nan, cikin 1934 Gwamnatin Amurka ta ɗora wa sojan sama aikin ɗaukar wasiƙu. Su kuwa da rana suka saba tashi, suna duban ƙasa, ga shi aikin wasiƙa ba ya jiran gari ya waye ko hazo ya sarara. Cikin 'yan watanni fiye da mutum 10 suka hallaka. Dalili kuwa shi ne, in mutum ya shiga gajimare ya daina ganin ƙasa, jikinsa ya kan yi masa ƙarya. Sai ya ji kamar yana tafiya sosai, alhali jirgi ya karkata yana gangarawa. Ba abin da zai cece shi sai ya ƙi yarda da jikinsa, ya yarda da agogunan da ke gabansa. Wannan shi ne ainihin abin da akwatin Link ke koyarwa, gama a kan rufe murfi bisa kan ɗalibi, ba ya ganin kome sai agogunan, malami yana zaune a tebur yana kallon wata 'yar na'ura tana zana hanyar da ɗalibin ya bi bisa taswira.

Soja suka sayi guda 6 a shekarar nan. Kafin a gama Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera fiye da 10,000, matuƙan Amurka wajen 500,000 sun bi ta cikinsa. Mai karatu ya lura da abu guda a nan. Akwatin nan ko kusa bai yi kama da jirgi ba, amma ya faɗi gaskiya a wurin da rai ke rataye, shi ya sa ya yi amfani.

ZUWAN JET DA DARASIN BIYETNAM

Jirgi mai injin jet na farko ya tashi a Jamus ran 27 ga Agusta 1939, na Ingila ya biyo baya cikin 1941. Zuwa 1944 Jamusawa sun shigo da Me 262 cikin yaƙi, mai gudun mil 540 a sa'a, watau ya fi jiragen abokan gaba masu farfela da wajen mil 100. A yaƙin Koriya, wanda aka soma cikin 1950, jet ya kara da jet, MiG-15 ta Rasha da F-86 ta Amurka. In jirage biyu suka nufo juna, kowane yana gudun mil 600 a sa'a, mil guda ke raguwa tsakaninsu kowane daƙiƙa 3. Wanda ya tsaya tunani ya makara. Dole hannu ya riga ya san abin yi tun kafin a tashi.

Amma sanin abin yi ya dogara ga irin gwajin da aka saba da shi, wannan kuwa Amurkawa sun gane shi da tsada a Biyetnam. Sun je da manyan jirage da makamai masu linzami waɗanda suka yi kyau a filin gwaji, da aka zo fagen fama galibin makaman suka riƙa kuskure, ƙananan jiragen MiG suka ba su wahala ƙwarai. Wani hafsan sojan ruwa, Kyaftin Frank Ault, ya bincika al'amarin cikin 1968, ya ga lalle akwai aibi ga makaman, akwai kuma ga horon. Matuƙa sun saba gwada faɗa da 'yan'uwansu masu jirgi irin nasu da dabara irin tasu, ba su taɓa karawa da wanda ke juyi kamar MiG ba. Saboda haka cikin 1969 aka buɗe makarantar nan da aka sani da Top Gun, inda malamai ke tuƙa ƙananan jirage suna kwaikwayon dabarun abokan gaba.

Sojan sama su ma suka duba nasu lissafi, suka ga matuƙin da ya tsira daga fitarsa 10 na farko a yaƙi ya fi samun tsira daga baya. Sai suka ce, to, a ba shi goman nan tun a gida. Cikin 1975 aka fara babban atisayen da a ke kira Red Flag a hamadar Nevada. Darasin dai guda ne, kwaikwayon yaƙi ba ya zama gaskiya sai abokin gaban da ke ciki ya zama mai wayo, mai niyyar cin nasara.

YADDA ɗAKIN YA KE A ZAMANIN KWAMFUTA

Jirgin ɗaki na yanzu ya yi nisa da akwatin Link. Mazaunin matuƙi daidai ya ke da na jirgin gaske, kowane maɓalli yana wurinsa, har nauyin sandar tuƙi a hannu an daidaita. An kife shi da wata kubba, ana haska hoton sama da ƙasa a jikinta ta kowane gefe, in matuƙi ya waiga ya ga wanda ke bin sa. Kwamfuta ce ke lissafin yadda iska ke bugun fikafikai, da yawan man da ya rage, da yadda jirgi ke sauƙi in an saki bam. Tun daga shekarun 1980 aka fara haɗa ɗakuna da yawa ta waya, har mutanen da ke garuruwa dabam dabam su tashi tare su kara da juna, domin mutum ya fi kwamfuta iya yaudara.

Amfaninsa a fili ya ke. A ɗaki malami yana iya kashe wa ɗalibi inji, ko ya sa masa gobara, ko ya ɗauke masa rada cikin dare, sau 20 a yini, abin da ba mai hankalin da zai gwada a sama. Ba a ƙona mai, ba a cin ƙarfe, in an gama kuma a maido hoton a nuna masa daidai inda ya kuskure.

ABIN DA ɗAKI BA YA IYAWA

Sai dai fa Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Abu biyu sun gagari ɗaki. Na farko nauyi. In jet ya yi juyi mai tsanani, nauyin jikin matuƙi ya kan ninka. F-16 tana iya juyin da zai ninka shi sau 9, watau mai kilo 70 ya ji kamar kilo 630 ne. Jini ya gangara ƙafafu, gani ya dushe ya tsuke, in abin ya daɗe mutum ya suma alhali jirgi yana gudu. Don haka su kan sa wando mai hura iska ya matse ƙafafu da ciki, su kuma koyi ɗaure jiki da wani irin numfashi. Jirgin ɗakin masu fasinja a kan ɗora shi bisa ƙafafu 6 masu motsi, in an so mutum ya ji kamar ana ƙara gudu sai a ɗan kwantar da shi baya. Amma wannan dabara ba ta iya ninka nauyi, shi ya sa da yawa daga na jiragen yaƙi ba su motsi ko kaɗan. Nauyin sai an sa mutum cikin wata babbar majaujawa an juya shi, ko kuwa ya tashi da gaske.

Na biyu tsoro. Wanda aka harbo a ɗaki ya kan tashi ya tafi shan shayi, ya kuwa san haka tun yana zaune. Saboda haka yana iya sabawa da kasadar da a sama sau ɗaya a ke yinta.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan haɗari, watau ɗakin da ya yi kama da gaskiya ta kowace fuska amma ya yi ƙarya a wuri guda. Misalin da za mu kawo na jirgin fasinja ne, amma darasinsa ya shafi kowa. Ran 12 ga Nuwamba 2001 wani Airbus A300 ya tashi daga New York, ya shiga guguwar iskar da wani babban jirgi ya bari a bayansa. Mataimakin matuƙi ya riƙa taka fedar wutsiya dama da hagu da ƙarfi, har wutsiyar ta karye, mutum 265 suka hallaka. Masu bincike suka ce cikin 2004, ban da yadda aka ƙera fedar, horon da ya samu yana da hannu. A jirgin ɗakin da suka yi gwaji, an shirya shi ya kife ƙwarai in ya shiga irin iskar nan, ya kuma ƙi jin tuƙi na 'yan daƙiƙu, abin da jirgin gaske ba ya yi. Matuƙi ya ɗauki karatun da aka ba shi, ashe karatun ne ke da gyara.

NA CIKIN GIDA

Har ila yau akwai jiragen ɗaki na wasa waɗanda samari ke saye su sa a kwamfutarsu. Waɗansu harbi ne kawai da hayaniya, amma waɗansu sun kai matsayin ban mamaki. Falcon 4.0, wanda ya fito cikin 1998, ya zo da littafin bayani mai ɗaruruwan shafuka. A cikin DCS World kuwa ana iya tada injin jirgin A-10C ta hanyar bin maɓallai ɗaya bayan ɗaya kamar yadda littafin jirgin ya tsara, kamfanin da ya yi shi ma ya riga ya yi wa sojan Amurka irinsa na koyarwa. Mai irin wannan wasa ya kan san abu da yawa, ba mu kuwa raina shi ba. Amma ainihin ƙarfin rada da na makamai na zamani asiri ne na gwamnatoci, masu wasan da takardun da aka saki su ke aiki, sauran su kimanta. Nauyi da tsoro kuma ba su shiga ɗakin kwana.

MU FA?

Rundunar Sojan Saman Nijeriya an kafa ta cikin 1964, ta sami jet na farko cikin 1967, L-29 da MiG-17, cikin 2021 kuma ta karɓi JF-17 guda 3 daga Pakistan. Ƙasar da jiragenta ba su da yawa ba ta da na zubarwa, balle matuƙan da aka yi shekaru ana horarwa da kuɗin talakawa. Saboda haka a ganinmu duk ran da za a yi cinikin jirgi, ya kamata a yi tambaya uku. Shin jirgin ɗakinsa yana cikin cinikin? Shin za a riƙa gyara shi duk sa'ad da aka sāke wani abu a jirgin gaske, don kada ya koma mai koyar da tsohon karatu? Shin kuma ba za a fake da shi a rage wa samari sa'o'in tashi ba?

Kyan jirgin ɗaki ba kyan hoto ba ne. Ma'auninsa shi ne, abin da hannu ya saba yi a ƙasa ya zama shi ne daidai a sama, malami kuma ya gaya wa ɗalibi a fili inda ɗakin ke faɗin gaskiya da inda ya gaza. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma wanda ya fafe sai ya zuba ruwa ya gani ko yana yoyo. Allah ya kiyaye matuƙanmu, ya sauko da su lafiya, amin.