Benen da ake koyon gyaran hoto

Sai an share ƙura ake fara darasi. A Kano, in hunturu ya kankama, ƙurar ba ta barin allon kwamfuta ya kwana da tsabta, kuma wanda ya gyara hoto ta bayan ƙura shi da aikin banza ɗaya ne. Ɗakin yana saman bene, a ƙasa teloli ne, ƙarar kekunansu tana hawowa har sama. Kwamfutocin ba su kai yawan ɗaliban ba, saboda haka bibbiyu suke zama, ɗaya riƙe da linzami, ɗaya yana ta ba da shawarar da ba a tambaye shi ba.

Mai wurin, wanda kowa ke kira Oga, tsohon mai wankin hoto ne tun zamanin fim. Dokarsa ta farko ita ce ba a taɓa ainihin hoto. A kwafe shi, a yi aiki a kan kwafin. Daga nan sai ya shiga bayanin leya, wato shimfiɗun da ake ɗorawa a kan hoto kamar a jera ledoji masu gani-har-hanji, kowane gyara a kan tasa ledar, in ya ɓaci a zare ta a yar. Photoshop ya fito a 1990, amma sai a 1994 aka saka masa wannan dabara, kuma Oga yana ganin tun daga ranar masu kuskure suka samu sa'ida.

Jarrabawar da ke kayar da sabon ɗalibi ita ce farar shadda. A kawo hoton ango da babbar riga a tsakar rana, fuska ta yi duhu, riga ta yi fari fat. Yaro ya ƙara haske don fuska ta fito, sai aikin wuyan rigar, wanda mai ɗinki ya kwashe makonni yana yi, ya narke ya koma farar takarda. A nan ake nuna masa wani ɗan zane mai kama da jerin duwatsu a gefen allo: hagu duhu, dama haske. In duwatsun suka taru suka jingina da bangon dama, to wurin ya ƙone. Maganin shi ne a raba aikin, a rage hasken riga daban, a ɗaga na fuska daban. Shi ya sa ma ake matsa musu su ɗauka a tsarin RAW. Hoton JPEG matakai 256 kawai yake riƙewa a kowane launi, RAW kuwa 4,096 ko 16,384, gwargwadon kyamarar. Abin da ka zaci ya ɓace a cikin farin, sau da yawa yana nan kwance, janyo shi kawai za a yi.

Rigimar gaske tana wajen fata. Kusan kowace amarya in ta zo karɓar hoto maganar ɗaya ce, a ɗan haska ta. Ɗalibi kuma, da yake ya gano inda ake goge ƙuraje, sai ya bi fuska ya murje ta har ta zama kamar 'yar tsanar roba, fuska fara sol, hannun da ke ɗauke da lalle kuma baƙi. Na ga wata ɗaliba ta yi irin wannan, tana ta murna. Oga bai ce mata uffan ba, ya matso da hoton kusa, ya nuna wuyan amaryar da ɗan yatsa, daidai inda farin ya tsaya baƙin ya soma kamar an ja layi da rula. Ita da kanta ta goge leyar.

Yadda yake koyarwa, abin da zai tafi da kansa bayan mako guda, kamar ƙurji ko maiƙon zufa, a cire shi. Tsagar gado, wushirya da launin mutum ba a taɓa su. Ni dai ina bayansa a wannan, ko da yake na san ba shi ne ke biyan kuɗin hoton ba. Matsalar baƙar fata a hoto ma ta girmi kwamfuta. Shekaru da dama, daga wajen 1950, kamfanin Kodak hoton baturiya yake aikawa wuraren wanki a matsayin ma'aunin launi, baƙar fata kuwa ta fito yadda ta ga dama. Abin da take bukata shi ne a ƙara ɗan haske a goshi da kumatu da karan hanci, a ɗan zurfafa inuwa a gefe, sai fuska ta tashi da kamanninta. A ɗakin duhu da tafin hannu ko guntun kwali Oga yake tare hasken, yanzu burushin kwamfuta ke yi.

Bayan azahar ake sakin su su yi wasa. Wani ya mai da hoton mahayan Sallah baƙi da fari, ya bar jan rawanin dogari kaɗai. Wani ya yanke kansa ya dasa a gaban hasumiyar Dubai, amma ya manta inuwarsa tana hagu, ta ginin tana dama, aka yi ta dariya. Hazo ma, da yawanci ake kora, akwai mai ƙara shi da gangan don ganuwa ta yi kamar a mafarki.

Da an ɗauke wuta, in babu man janareta, kowa sai ya zaro waya. Snapseed kyauta ne, kuma yana da layin nan da ake lanƙwasawa kamar harafin S don haske da duhu su rabu sosai. Darasi ba ya tsayawa.

Ranar Juma'a da safe ake kai aikin mako wajen bugawa. Allo haske yake fitarwa, takarda kuwa tawada take sha, don haka shuɗin leshin da ya ɗauki ido a kwamfuta yakan dawo a dushe. Oga ba ya ba da maki a kan allo. Sai hoto ya fito a takarda, an kai shi bakin taga an duba.